Tsinke a Jerin Masu Jira

Ranar da sakamakon jarrabawa ya fito, ina kan keken ɗinki na ji ana ƙwala mini kira tun daga bakin layi. Kafin in ɗaga ƙafa, sai ga 'yar yayana ta faɗo shagon, takalmi ɗaya a ƙafa ɗaya a hannu, tana haki tana dariya. Tsinke muke ce mata saboda rashin ƙiba. Shekararta goma sha biyu a lokacin. Ta miƙo mini wata takarda da gumin hannunta ya riga ya jiƙa, ta ce, "Gwaggo, ni ce ta goma sha tara."

Na ce ta goma sha tara a me? Sai ta ture yadin mutane gefe, ta ɗare teburin yankana, ta shiga yi mini bayani kamar malamar aji. Yara sun fi dubu biyu da suka zauna jarrabawar shiga makarantar haziƙan 'yan mata, ta kwana, gurabe kuwa ɗari da ashirin ne kacal. Waɗanda suka fi maki an ba su. Arba'in da ke biye da su an jera su a takarda daban, su ne masu jira. Duk wadda aka bai wa gurbi ta ce ba ta so, ko iyayenta suka ƙaura, ko suka kai ta wata makarantar, sai a kira ta farko a jerin, kowa ya matsa gaba da taki ɗaya. Kowace Alhamis ana liƙa sabon jeri a allon bakin ƙofar makarantar. In layi ya zo kan yarinya, za a buga wa mahaifinta waya, a ba shi kwana uku ya je ya sa hannu. Mako biyu bayan an koma karatu a rufe jerin, shi ke nan. Baɗi kuma shekarunta sun wuce na zama jarrabawar.

Na ce, "To ke yanzu kin ci ne ko kin faɗi?"

Ta ce, "Ina bakin ƙofa, Gwaggo. Mutum goma sha tara kawai za su tashi mini."

Yaya, mahaifinta, mai aski ne, shagonsa na kan babban titi. A ranar ya sa aka buga masa kwafin takardar, ya manna a jikin madubi daidai inda idon duk wanda ya zauna zai sauka. Babu wanda ya tashi daga kujerar nan bai ji labarin ba. Kwana biyu kacal labarin ya yi a bakinsa ya ƙara ƙiba: ta goma sha tara a jerin jira ta koma ta goma sha tara a cikin yara dubu biyu. Ana cikin haka har ya kwashe wa wani tsohon direba rabin gashin baki yana nuna takardar da ɗaya hannun. Direban ya dubi fuskarsa, ya ce tunda 'yarsa likita za ta zama, sai ta zo ta dasa masa wani. Aka yi ta dariya har maƙwabtan shago suka leƙo.

A gidan ma haka. Ɗaki biyu ne da falo, Yaya da matarsa a ɗaya, Tsinke da Inna a ɗaya. Inna mahaifiyarmu ce, shekara biyu ke nan ɓarin jikinta ya shanye, harshenta ya yi nauyi. Matar Yaya tana aikin wanki da guga a wani asibiti, ta fita da sassafe sai la'asar. Don haka Tsinke ce mai juya Inna kada gadon bayanta ya yi gyambo, ita ce mai goge ta, mai canza mata shimfiɗa, mai ba ta abinci a baki. Makarantarta ta firamare a bayan layi take, da an buga ƙararrawar hutun rabin lokaci sai ta ruga gida ta juya tsohuwa ta koma. Babu ranar da aka zauna aka ce wannan aikinta ne. Ya dai sauka a kanta, kowa ya ga ya zauna daram, aka bar shi. Ni nakan je ranar Lahadi da lemo a leda.

Inna ce ta fi kowa shiga wasan. Tsinke ta samo alli ta rubuta 19 ƙato a bango kusa da gadon. Alhamis ta farko ta dawo ta goge ta rubuta 15. Inna ta yi dariya da rabin bakinta har hawaye ya gangaro mata kunne, ta faɗi wata magana da babu wanda ya gane sai jikarta. Tsinke ta fassara mana: wai Allah ya ƙara wa iyayen yaran nan girma a wurin aiki, a yi ta mayar da su garuruwa masu nisa. Daga ranar addu'ar gidan ke nan. Ba mu taɓa roƙa wa kowa sharri ba, alheri muke roƙa musu, mai nisa. Da muka ji ƙishin-ƙishin cewa wani attajiri zai ƙaura da iyalinsa, kuma 'yan biyunsa duk suna cikin ɗari da ashirin ɗin, matar Yaya ta ajiye tsintsiya ta taka rawa a tsakiyar falo. Mutanen da ba mu taɓa gani ba, muka yi mako guda muna yi musu fatan sauka lafiya.

Alhamis ta biyu bango ya ce 11.

Ni ban iya jira ba. Na nemo yadi irin na kayan makarantar, na auna ta, na yanka. Tana tsaye ina kafa mata allurai tana motsi, ina cewa ta tsaya kada in tsire ta, tana ba ni labarin ɗakin gwaje-gwajen da ta hango ta taga, da ɗakin karatu mai bene, da wata na'ura da ake ganin cikin ɗigon ruwa da ita. Na bar mata ninki mai yawa a ƙasan siket, na ce shekara shida za ki yi da shi, ko kin zama sanda ba zan ɗinka wani ba.

A makon nan ne matar Yaya ta fara jefo tambayar, ita ma cikin dariya, tana kwashe kwanuka. Ta ce in likitarmu ta tafi, wa zai riƙa juya Inna? Yaya ya kaɗa hannu ya ce ta kwantar da hankalinta, jerin jira ai lallashi ne kawai, wa ya taɓa ganin mutum goma sha ɗaya sun bar irin wannan makaranta? Ya faɗe ta a gaban Tsinke. Ita kuwa ta ɗauka tsokana ce, ta ce su zuba da shi.

Alhamis ta uku ta dawo da 7. Da na biya ta shagon Yaya na ga babu takarda a madubi. Ya ce gam ne ya saki.

Ranar Lahadi muka zauna a falo, ni da Yaya da matarsa, muka kira autanmu a waya aka ajiye wayar a kan tebur. Tsinke tana ciki tana yanke wa Inna farce, muna jin waƙarta. Matar Yaya ta ce ita dai in ta bar aiki yau, gobe akwai mutum goma da ke jiran gurbinta, kuma a duba, uwar miji ce, ta yi iya yinta. Yaya ya ce shi namiji ne, ba zai iya yi wa mahaifiyarsa wanka ba, kunya ma ba za ta bar Inna ta yarda ba. Auta ya ce da yana kusa da babu wanda zai riga shi, sai layin ya fara yankewa. Da aka zo kaina na ce gidana hawa na uku ne, yaya za a yi ta hawa da sauka da mara lafiya, ga ciwon bayan nan nawa, ga shago babu mai tsare mini. Maganar ɗauko mai jinya kuwa, Yaya ya ce bare ba zai taɓa masa uwa ba yana da rai. Muka ce Allah zai kawo mafita. Aka kawo shayi, hira ta koma kan direba mai rabin gashin baki.

Daga nan Alhamis ta zama ranar aiki a gidan. Wankin zannuwan gado, wanda da ake yi ranar Asabar, ya dawo Alhamis. Labulaye ma suka ce suna son wanki. Tsinke ba ta yi musu ba, sai ta riƙa tashi tun kafin gari ya waye sosai, ta wanke ta shanya, ta juya Inna, ta kama mota biyu zuwa makarantar, ta dawo kafin azahar. Hannuwanta suka yi fari suka tsattsage saboda sabulu. In ta dawo da fara'arta, uwarta ta tare ta da cewa tun da kika fita Kaka ba ta sa komai a baki ba, sai kallon ƙofa take yi. Yaya kuma ya zama masanin makarantun kwana. Yau ya ji an ce abincinsu ruwa ne zalla, ita da ba ta da jiki ina za ta kai. Gobe ya ji an ce manyan ɗalibai na dukan ƙanana. Jibi ya ce sakandaren bayan layi ma ai ta fitar da manyan mutane, kuma ƙarfe ɗaya an tashi.

Ita duk ba ta gane inda aka dosa ba, ko kuwa ta ƙi ganewa. A ganinta matsalar ita ce ba mu iya ba, don haka ta ɗauki aniyar koya mana. Ta sami littafin rubutu ta tsara komai: ƙarfe nawa ake juyawa, ta wane gefe ake fara ɗagawa, wane magani kafin abinci wane bayansa. A shafukan baya ta rubuta ƙamus na maganar Inna. In ta ce kaza, ruwa take so. In ta ce kaza tana lumshe ido, matashi ne ya goce. In ta ce kaza sau biyu, zagi ne, a yi haƙuri. Ta sa ni na kwanta a tabarma ta nuna wa uwarta yadda ake juya mutum ba tare da an ja kafaɗa ba, ina ihu ina cewa ni lafiyata ƙalau a sake ni, Inna tana kallonmu daga gado tana shaƙewa da dariya. Da yamma ta kai wa babanta littafin da hannu biyu. Ya shafa kanta ya ce Allah ya yi albarka. Bayan kwana biyu na ga littafin a ninke ƙarƙashin ƙafar fanka, wai tana girgiza.

Jerin ya sauko 4. Mako na gaba sai ya koma 5. Ashe wata yarinya iyayenta sun nemi a sake duba takardunta, aka tarar an rage mata maki, aka sa ta gaba. Tsinke ta dawo fuska a kumbure, karo na farko. A ranar Yaya ya rufe shago da wuri, ya shigo da lemon kwalba da biskit, baki har kunne, yana cewa haka rayuwa take, a yi haƙuri. Har da 'yar waƙa yake yi yana buɗe kwalabe. Tsinke ta ce mini babanta ya fi na kowa, dubi yadda yake lallashinta. Na ce ƙwarai kuwa.

Alhamis ta ƙarshe kafin a koma karatu, mutum uku suka tashi lokaci guda. Ta rubuta 2 a bango, ta zagaye shi da furanni.

Alhamis ɗin da ta biyo baya, Tsinke ta zo shagona tun da hantsi, ta ce in raka ta. Na rufe shago. A mota ba ta zauna ba sai addu'a da cizon farce. Muna sauka ta bar ni a baya ta ruga allon. Na hango ta tana bin takardar da yatsa daga sama zuwa ƙasa, ta sake daga ƙasa zuwa sama. Sai ta juyo ta daka tsalle.

"Babu sunana, Gwaggo! Sun cire ni, na shiga!"

Ban san lokacin da na yar da jaka ba. Muka rungume juna muna juyi a bakin ƙofar makarantar mutane, ni da ciwon bayana. Mai gadi ya fito yana tafa mana, wata mai sayar da ruwa ta ba mu kyauta. Tsinke ta ce wayar Baba ce ba ta da caji kullum, shi ya sa ba su same shi ba, mu shiga mu gaya musu ga mu mun zo da kanmu.

Matar da ke rajista dattijuwa ce mai tabarau. Ta amsa gaisuwarmu da fara'a, ta tambayi lambar jarrabawa, ta jawo fayil. Ta karanta, ta ɗago ta dubi Tsinke daga sama har ƙasa, ta ce mata jikin da sauƙi? Tsinke ta ce lafiyarta ƙalau. Matar ta cire tabarau ta dube ni.

Ta ce, "Mun kira mahaifinta ranar Litinin. Ranar Talata ya zo da kansa ya sa hannu cewa ba ya buƙatar gurbin. Ya rubuta yarinyar ba ta da lafiyar zaman makarantar kwana."

Ta juyo mana da takardar. Sa hannun Yaya ne, da wutsiyar nan da yake ja a ƙarshe. Na tambaya ko akwai abin yi. Ta ce gurbin an riga an bai wa mai bi mata. In mahaifin ya rubuto ya janye maganarsa, za a iya mayar da sunan, amma ƙasan jeri, kuma Alhamis mai zuwa za a rufe. Ta ce ta taɓa ganin wadda ta shiga a haka, shekarar da aka ƙara aji guda, sai dai ba ta yi mana alkawari ba.

Tsinke ta ce, "Wadda aka bai wa, ta zo?"

"Ta zo jiya da akwatinta."

A mota ba ta yi kuka ba. Mun kusa sauka ta tambaye ni ƙarfe nawa. Na gaya mata. Ta ce lokacin juya Kaka ya wuce da rabin awa.

Na tura ta gida, ni na wuce shagon Yaya. Na jira ya sallami wanda ke kan kujera, na rufe ƙofa, na zazzage masa duk abin da ke cikina. Bai musa ba. Ya ce don ita ya yi, yarinya ƙarama a jefa ta cikin baƙi. Ya ce albarkar jinyar kaka ta fi kowace takardar shaida. Ya ce mai ƙwaƙwalwa ko a ina ya zauna zai yi fice. Ya ce rashin lafiyar da ya rubuta ba ƙarya ba ce, in dubi ramarta. Matarsa ma, in ji shi, ta sani, ita ta guge masa rigar da ya sa ya je. Da ya ga ban sauka ba, ya ajiye almakashi ya gyara tsayuwa.

Ya ce, "To na ji. Ki zo da mota yau ki ɗauki Inna ki kai gidanki. Gobe da safe in je in rubuta musu duk abin da kike so."

Na buɗe baki. Na ce bari in yi shawara da maigidana.

Ban yi shawarar ba. Ranar Juma'a na ce aiki ya yi mini yawa. Ranar Lahadi ban je gidan ba. Ranar Talata na gaya wa kaina cewa ƙasan jeri ai ba gurbi ba ne, ko an mayar da ita wahalar banza ce. Ranar Alhamis aka rufe.

Inna ta gane ba tare da an gaya mata ba. Ta ga Alhamis ta zo ta wuce jikarta ba ta fita ba. Ta yi wa Yaya wata doguwar magana da ya shigo gaishe ta, Tsinke ta ƙi fassarawa. Daga nan ta datse bakinta, kwana biyu ko ruwa ba ta karɓa ba. Matar Yaya ta gwada, Yaya ya gwada, ni ma da aka kira ni na gwada, ta kawar da kai. A rana ta uku Tsinke ta zauna a bakin gadon, ta yi ta yi mata magana ƙasa-ƙasa har ta buɗe baki ta karɓi cokali. Matar Yaya ta sauke ajiyar zuciya ta ce, "Kin gani ko? Da kin tafi fa?"

Yanzu tana sakandaren bayan layi. Su tamanin ne a aji, ita ce ta ɗaya, kuma malamai sun san da an buga ƙararrawar hutu ba a tsayar da ita. Ba ta taɓa ɗaga wa kowa murya ba. Tana gaishe ni yadda ta saba, sai dai ta daina hawa teburina.

Na ji ana yawan zagin masu riƙe da jerin nan, ana cewa suna sayar da guraben talakawa. Ko ana yi a wani wuri, ban sani ba. Abin da na gani da idona shi ne, makarantar ta bi layi daidai, ta kira lokacin da ya kamata, ta jira kwanakin da ta ce. Mu manya huɗu ne, masu ƙafa da hannu, muka rasa wanda zai juya tsohuwa sau huɗu a rana, muka tattara muka ɗora wa wadda ta fi mu ƙanƙanta, kowa da hujjarsa mai kyau.

Watan jiya na biya shagon Yaya karɓar saƙo. Na tarar shago cike, yana aski yana ba da labari. Wani ya tambaye shi ina 'yar nan tasa mai ƙoƙari, ta shiga kuwa? Yaya ya girgiza kai, ya ce ina fa, ta zo har ta biyu, sai kawai aka cire sunanta. Ya ce in ba ka san kowa ba a wuraren nan, ko ɗanka ya haɗiye littafi ba za a kira ka ba. Shago ya ɗauki salati, kowa na tofa albarkacin bakinsa. Ana cikin haka Tsinke ta shigo da kwanon abincin babanta, ta gaida mutane ta ajiye. Wani dattijo da ke jiran layi ya kira ta, ya ce ta yi haƙuri, duk wanda ya sa hannu aka tauye mata haƙƙi, Allah ba zai bar shi ba.

Ta ce, "Amin."

Duk shagon suka amsa da amin. Injin askin da ke hannun Yaya ya ci gaba da ƙara a iska, bai taɓa kan kowa ba. Ni kuma na sunkuya ina neman wani abu a cikin jakata har ta fita.